Ku Tambayi Makanikai: Tana karkarwa da asuba, tana shaƙewa in an taka totur

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, tokumbo daga Amurka, mai injin 1.8. In na tayar da ita da asuba sai ta yi ta karkarwa kamar za ta mutu, allurar silo na hawa da sauka. In ta ɗumama abin ya lafa, amma in na taka totur daga tsaye sai ta ɗan shaƙe kafin ta ɗauka. Fitilar cek injin na kunne. Na canza fulogi sau biyu, an wanke nozul, yanzu kuma an ce in sayi famfon mai. Mene ne abin yi? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗin famfon nan tukuna. Famfon da ya gaji a hawan tudu yake tona kansa, ko lokacin da za ka wuce tirela. Ba ya ciwo da asuba ya warke da hantsi. Alamun da ka faɗa sun fi kama da satar iska.

Inji yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Akwai sensa a bayan iya kilina, masu kwamfuta na ce mata MAF, ita ke auna iskar da ta shiga, burenbos, wato kwamfutar motar, ya ba da man da ya dace. Duk iskar da ta shiga ta wata kafa a bayan sensar nan ba a lissafa da ita ba, sai mai ya yi kaɗan. A silo iskar da inji ke sha ba ta da yawa, shi ya sa 'yar ƙaramar kafa ke rikita shi. Injin motarka, 1ZZ-FE, manifol ɗinsa, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, na roba ne, gaskit ɗinsa ma na roba. In ya tsufa yakan ƙandare. Sanyi ya sa ya tsuke, iska ta samu hanya, zafi ya sa ya kumbura ya toshe kafar. Da hunturu abin ya fi tsanani.

Fara da sa mata kwamfuta. In ta nuna P0171, mai ya yi wa iska kaɗan ke nan. Kada mai kwamfutar ya goge lambar ya sallame ka, gogewa ba gyara ba ce. Ya buɗe maka adadin man da burenbos ke ƙarawa. In ya haura kashi 10 cikin 100 a silo, ya kuma sauka da aka taka totur aka riƙe allurar silo a 2,500, satar iska ce. In kuwa ƙaruwa yake yi da an taka, sai a koma kan sensar iska ko matsin mai.

A nemi kafar lokacin da inji ke da sanyi. A fesa ruwan wanke kafireta kaɗan-kaɗan a inda manifol ya haɗu da kan inji. Inda ƙarar ta canza, nan ɓarawon yake. Ruwan nan yana kama wuta, a nisanta shi da salansa. A kuma cire babban tiyon da ya taso daga iya kilina a lanƙwasa shi a hannu, domin tsagewa a ƙasan lanƙwasa take ɓuya.

Shaƙewar kuwa sau da yawa ƙura ce a kan siririyar wayar sensar iska. Sukurori biyu ke riƙe da ita. A fesa mata ruwan da aka yi dominta, a bar ta minti 10 ta bushe. Ban da fetur, ban da buroshi, ban da taɓa wayar. Totur ɗin ƙirar 2005 na lantarki ne, ba shi da sukurun ƙara silo. A goge baƙin da ke bakinsa da tsumma, a hankali.

In lambar P0301 zuwa P0304 ce, silinda ɗaya ke fashin wuta, lambar ƙarshe ita ce silindar. A musanya koyil ɗinta da na maƙwabciyarta: in laifin ya bi koyil, an kama shi. Fulogin Denso SK16R11 ne, tazarar bakinsa milimita 1.1, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Famfo shi ne na ƙarshe, shi ma da ma'auni: matsin mai ya kasance 44 zuwa 50 psi.

Fitilar nan in ta fara ƙyaftawa, ka faka. Ɗanyen fetur ne ke zuba cikin salansa, zai ƙone matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi.

Tambaya: Tawa Camry ce. Sai na tsaya a danja tana kan D, esi na kunne, sitiyari ya yi ta rawa. Da na mayar N ta natsu. Babu fitilar da ta kama. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, dubi allurar silo a lokacin. In tana tsaye wuri ɗaya kusa da 700, injinki lafiya lau, robobin da yake zaune a kansu ne suka mutu. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, a danne birki sosai, a sa D sannan R, wani ya tsaya daga gefe, ba gaban mota ba, yana kallo. In inji ya yi tsalle ko ya buga, a canza robar da ta tsage. In kuwa allurar faɗuwa take yi da esi ya kama, a fara wanke bakin totur.