Amsa: abin da ya dusashe tauraron Milton Berle

Malam, ka tambayi dalilin da farin jinin Milton Berle, ɗan wasan barkwanci na Amurka, ya ragu a talabijin. Tun yana yaro yake wasan vodebil, wato wasan dandamali na Amurka mai haɗa waƙa, rawa da barkwanci. A can, ɗan wasa kan shekara yana yawo gari-gari da shiri guda, don kullum 'yan kallo sabbi ne. Amma shirinsa na Texaco Star Theater, da ya fara a tashar talabijin ta NBC a 1948, kai tsaye ake watsa shi duk daren Talata, ga mutane guda. Barkwancin ya yi ta maimaituwa, har shigar matan da yake yi ta gundure su. Kamfanin man fetur na Texaco, mai ɗaukar nauyin shirin, ya janye tallafinsa a 1953, shirin ya tsaya a 1956.