Amsa ga ɗalibi mai shirin zuwa Portsmouth kan wuraren da ke ɗauke da sunayen jiragen ruwa

Assalamu alaikum ƙanena. Na karanta saƙonka, inda ka ce ka samu gurbin karatu a Jami'ar Portsmouth, kuma da ka duba taswirar garin ka ga wurare masu sunaye irin su The Ship Anson da Keppel's Head da Spice Island Inn, har wani wuri mai irin wannan suna yana neman ma'aikata. Ka tambaya ko ofisoshin kamfanonin jiragen ruwa ne, kuma ko ya dace ka nemi aikin. Ba ofisoshi ba ne, mashayu ne, kodayake ana sayar da abinci a cikinsu, wasu kuma suna da ɗakunan kwana a sama. Gara ka san haka tun kana gida.

Dalilin sunayen yana cikin tarihin garin. Portsmouth mazaunin rundunar sojan ruwan Birtaniya ce tun ƙarnoni da suka shuɗe, kuma a nan aka ajiye jirgin yaƙin nan HMS Victory, wanda a cikinsa babban kwamandan sojan ruwan Birtaniya, Nelson, ya rasu a yaƙin Trafalgar na 1805, lokacin da suka gwabza da jiragen Faransa da Sifaniya. Anson da Keppel manyan hafsoshin sojan ruwa ne, Anson ma ya zagaya duniya tsakanin 1740 da 1744. Masu mashayar sun san cewa kwastomominsu ma'aikatan jirgi ne da ke saukowa da albashin watanni a aljihu, shi ya sa suke raɗa wa wurin sunan jirgi ko na gwarzon da mutanen suke alfahari da shi. Yankin da ake kira Spice Island, a bakin mashigar tashar, a wajen ganuwar tsohon gari yake, kuma a da ya yi ƙaurin suna wajen shaye-shaye. Ka sani kuma har ranar 31 ga Yulin 1970 rundunar tana raba wa sojojinta barasa kullum a matsayin wani ɓangare na guzurinsu. A Landan ma akwai mashayu masu sunayen jirage, irin su The Mayflower da The Prospect of Whitby da suke a bakin kogin Thames.

Idan ka leƙa ciki za ka ga igiyoyi masu kauri an rataye a bango, da fitilun tagulla, da ƙananan jirage na katako a cikin akwatin gilashi, da tsofaffin hotunan matuƙa. Wurin yana da ɗumi a lokacin sanyi, babu hayaƙin taba domin an hana sha a ciki tun 2007, kuma da rana za ka ga iyalai da yaransu suna cin abinci suna kallon jiragen fasinja masu zuwa Faransa. Wannan kamala ce takan ruɗi baƙo, har ya ɗauka gidan abinci ne kawai. Kanta mai jere da famfunan giya ita ce ginshiƙin kasuwancin, sauran kuwa ƙari ne.

Ko ba ka nemi aikin ba, maganar za ta same ka, domin a nan abokan karatu, wani lokaci har da malamai, suke haɗuwa bayan lacca. Wasu ɗalibanmu Musulmi ba sa shiga sam, wasu sukan zauna na ɗan lokaci da lemo a hannu su tashi. Ni dai ina ganin ka yanke matsayarka kafin gayyatar farko, ka faɗe ta a fili cikin ladabi. Abin da na lura shi ne mutanen nan suna mutunta wanda ya ce ba ya sha sau ɗaya ya tsaya a kai, kuma ba sa ƙin a koma kantin kofi idan ka ba da shawara. Idan ka shiga, ka lura cewa abin da suke kira cider da shandy duk akwai barasa a ciki, kuma soyayyen kifin da ake yawan sayarwa sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa, don haka ka tambaya kafin ka biya, tunda a kanta ake biya tun kafin a kawo abincin.

Game da aikin, bizar ɗalibin digiri tana ba da damar aikin sa'o'i 20 a mako lokacin zangon karatu, kuma mashayu suna ɗaukar ɗalibai da sauƙi saboda aikin dare ne da ƙarshen mako. Amma wanda aka ɗauka zai zuba giya, ya kwashe tambulan, ya wanke su, ko a ɗakin girki aka sa shi zai taɓa naman alade. Ban ba ka shawarar ka karɓa ba, kuma ina so ka tuntuɓi malaminka kafin kuɗin haya ya matsa maka, domin a lokacin ne mutum yake karɓar abin da bai yi niyya ba. Akwai aiki a shagunan tufafi na Gunwharf Quays, da gidajen kula da tsofaffi, da cikin jami'ar kanta, sai dai samunsu yakan ɗauki makonni, saboda haka ka taho da kuɗin da zai riƙe ka na watannin farko. Idan ka sa ranar tasowa ka sanar da ni, in haɗa ka da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar. Ka gaida su Baba da Inna.