Takobin Buzaye a kasuwar Lekki

Malam, ka tambayi yadda za ka gane ko takobin Buzayen da aka yi maka tallansa a kasuwar Lekki tsoho ne. Fara da ruwansa. Tsofaffi da dama daga Solingen ta Jamus aka kawo ruwansu, amma kada tambarin jinjirin wata da ake gani a jikin irin wannan ruwan ya ruɗe ka, maƙera sun daɗe suna kwaikwayonsa. Leƙa cikin tsagin da ke jikin ruwan takobin, sabo da aka ƙera da sifirin ɗin mota yakan nuna sawun inji. Tsohuwar tsatsa baƙa ce, ta kama ƙarfen. Ja mai kakkaɓewa kuwa, damshin Legas kaɗai ya isa ya kawo ta. Kube ba hujja ba ne, ana sauya shi. Kada ka goge takobin, ka fara nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Onikan da ke Legas.