Amsa: Yawon Riyad da tsohuwar mota

Alhaji, ka ce kana so ka zagaya wuraren tarihi na Riyad, babban birnin Saudiyya, da motar Caprice ta mahaifinka, zai yiwu? Zai yiwu, in fahas (takardar binciken lafiyar mota) da istimara (takardar rajistarta) ba su ƙare ba. Amma ka jira sanyi, Disamba zuwa Fabrairu. Tsohuwar mota a cunkoson rani, ruwan lagireto tafasa yake yi.

Ka fara da Masmak, ganuwar da aka gina da ƙasa, wadda Sarki Abdul'aziz ya ƙwace a 1902. Ka tsaya a bakin ƙofar katakon, ka duba da kyau: tsinin mashin da aka jefa ranar yana nan a kafe. Sai dai unguwar Dira, inda Masmak take, ba wurin ajiye mota, doguwa irin taka kuwa sai kun sha zagaye.

Murabba, inda fadar Sarki Abdul'aziz take, ta fi sauƙi. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, yana kusa da fadar, kuma a nan Murabba ne motar Rolls-Royce da Churchill, tsohon Firayim Ministan Birtaniya, ya ba Sarki take. Ni da ita zan fi ɓata lokaci.

Dir'iyya, tsohon garin gidan sarautar Saudiyya da ke gefen Riyad, ku bar ta sai bayan la'asar, ku tafi da ruwa.