Anti, aikin dare ya raba ni da barci

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Tun da aka fara sa mu aikin dare a asibiti barcina ya lalace. In na dawo da safe sai in yi ta juyi a gado, in na shiga aji kuma gyangyaɗi ya hana ni sakat. Ranar da ba ni da aiki nakan yi karatu har ƙarfe biyu ina shan kofi, amma gari na wayewa kamar ban buɗe littafin ba. Ƙawata ta ce in nemi ƙwayar barci. Me kike gani?

Amsa: 'Yata, ki rabu da ƙwayar nan. Ba a shan ta sai likita ya rubuta, kuma akwai irin da jiki kan saba da ita har barci ya gagara in babu ita.

Ina ɗaliba kamarki, wani dare wajen ƙarfe huɗu, na tsaya da sirinji a hannu ina duba adadin maganin da aka rubuta wa wani majiyyaci. Sau uku ina karantawa, lambar ta ƙi zama a kaina. Na kira babbar nas, ta ɗaga sirinjin saitin fitila ta ce ninki biyu na zuƙa. Kwana uku ke nan ina barcin awa huɗu-huɗu. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. An gwada an ga wanda ya yi awa 17 ido biyu, lissafinsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda giya ta fara taɓawa. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta, shi ya sa karatunki na ƙarfe biyu yake zubewa. Ki rufe littafi da sha ɗaya, za ki fi riƙewa.

Kofin ma da laifinsa. Bayan awa 5 ko 6 da shan sa, kusan rabin sinadarin caffeine da ke cikinsa, mai hana barci, yana nan a jini. In kina aikin dare, ki sha a farkon dare ki tsaya nan.

Kafin ki tafi aiki, ki kwanta da yamma ko da na awa ɗaya da rabi ne. In kin dawo kada ki tsaya duba waya. Ki saki labule mai kauri ɗaki ya yi duhu, domin haske yana danne melatonin, sinadarin da ke gaya wa jiki lokacin barci ya yi. Ki roƙi abokan ɗakinki su rage hayaniya, babu abin kunya a ciki.

In kin yi haka na makonni bai canza ba, ko kuma tunani da fargabar jarrabawa ne ke hana ki runtsawa, ki je ki ga likita, ki kuma sanar da malamar da ke kula da ku a asibiti kafin a sake sa ki a jadawalin dare.