Shevchenko koci ne ko suna kawai ya ci?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Andriy Shevchenko ya iya aikin koci ne, ko kuwa sunan da ya yi a fili ne ya sa ake ba shi aiki, tunda kulob ɗin Genoa na Italiya ya sallame shi cikin wata biyu. Ni tsohon ɗan AC Milan ne, tun zamanin da muke biyan kuɗin shiga gidan kallo muna zama a kan benci, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Mutumin nan ba a Italiya ya fara ba. A kulob ɗin Dynamo Kyiv na ƙasarsu Yukren ya taso, a hannun Valeriy Lobanovskyi, tsoho mai tsauri wanda ba ya wasa da atisaye. A 1997 ya shiga gidan Barcelona ya zura uku shi kaɗai, suka ci 4-0. Milan ta saye shi a 1999, kakar farko ya ci 24 a Serie A. Shi ya buga fenaritin ƙarshe da ya ba mu kofin Zakarun Turai a kan Juventus a 2003, ya ɗauki Ballon d'Or a 2004.

Daren Istanbul na 2005 kuwa, wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai tsakaninmu da Liverpool, har gobe yana mini ciwo. Muna da uku da nema kafin hutun rabin lokaci, wani abokina har ya fita ya sayo mana tsire don murna. Kafin mu cinye, Liverpool ta farke duka ukun. A ƙarin lokaci Shevchenko ya sa kai, golan Liverpool Dudek ya tare, ya sake dokawa daga bakin raga, golan ya sake turewa. Da aka zo fenariti, nasa ne na ƙarshe, ya buga a tsakiya aka kaɗe. Tsiren nan 'yan Liverpool ne suka ƙarasa shi.

Zuwansa Chelsea a 2006 kan kusan fam miliyan 30 shi ne inda nake so ka lura. Mai kulob ɗin, Abramovich, shi ne ke son sa, koci Mourinho kuma Drogba ne nasa. Ƙwallo 9 kacal ya ci a Firimiya. Ba wai ya manta ƙwallo ba ne, an kai shi gidan da ba a gina don shi ba.

To haka aikin kocinsa yake. Ya karɓi Yukren a Yulin 2016, bayan ta fita daga gasar Turai ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba. Wayon da ya yi shi ne ya san bai ƙware ba, sai ya jawo Mauro Tassotti, wanda ya daɗe yana mataimakin koci a Milan. Ba su je Kofin Duniya na 2018 ba, amma aka yi haƙuri da shi. Haƙurin ya biya: a neman gurbin Euro 2020 suka lallasa Sabiya 5-0, suka doke Fotugal ta Ronaldo 2-1 a Kyiv, suka gama a saman rukuni ba a ci su ba.

Mu ma mun ɗanɗana. A Satumbar 2019 Super Eagles ta je Dnipro wasan sada zumunta, Aribo da Osimhen suka ci mana biyu. Na riga na fara yi wa mutane tsiya, sai ga Zinchenko da Yaremchuk sun farke cikin ɗan lokaci, aka tashi 2-2. Abin da ya burge ni ba cin ba ne, yadda suka ƙi rikicewa ne, suna ta ba juna ƙwallo daga baya kamar ba a cin su.

A gasar Euro 2020 kanta suka fitar da Suwidin da ƙwallon Dovbyk a ƙarshen ƙarin lokaci, suka kai zagayen 'yan takwas, karo na farko a tarihinsu a gasar Turai. Ingila ta yi musu 4-0 a Rum, ban musa ba, ranar an fi ƙarfinsu.

Genoa fa? Wasa 9 na Serie A ba nasara ko ɗaya, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma ƙungiya ce da ya tarar tana nutsewa, sababbin masu ita Amurkawa suna gaggawa, kuma bayan tafiyarsa ma sai da ta faɗa Serie B a kakar. Laifinsa a ganina shi ne karɓar aikin tun farko. Wanda ya saba da shekara biyar yana gini bai kamata ya shiga aikin kashe gobara ba.

Don haka idan ka ce mini babban kocin kulob ne, zan ce a'a, bai nuna ba. Idan ka ce suna kawai ya ci, nan ma ban yarda ba. Tun Janairun 2024 ma ya bar bakin fili, shi ne aka zaɓa shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Yukren, a ƙasar da yaƙi ya sa tawagarta ke buga wasanninta na gida a Folan da Jamus.