Tambaya da Amsa: 'Yar kwamfutar bayan talabijin

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ne ya bar min wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, Raspberry Pi 4, ya ce in haɗa ta da talabijin mu riƙa kallo. Ina da faifan ajiya na waje mai terabayit 1, cike da finafinai da laccoci da bidiyon yarana tun suna rarrafe. Na saka Kodi, manhajar kallon bidiyo, a kan tsarin da ya bar mata, amma hoto sai sarƙewa yake yi, gargaɗin ƙarancin wuta na fitowa a kusurwa, faifan kan ɓace ana tsakiyar kallo, sannan hotunan da ta liƙa wa finafinan yawanci ba nasu ba ne. Burina mahaifiyata ta ɗauki rimot ta kunna abin da take so ba sai ta kira ni ba. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ji daɗin yadda kika faɗi burinki a fili, don da shi za mu auna aikin: ranar da Mama ta kunna abinta da kanta, ranar muka gama. Ƙanenki ya bar miki abin kirki. Pi 4 ta fito a 2019, kuma akwai sashe na musamman a cikinta da ke buɗe bidiyo, har mai ingancin 4K idan nau'in H.265 ne. Ƙarfinta ya isa wannan aiki har da rara.

Mu fara da wuta, domin sarƙewar hoto da ɓacewar faifai duk daga nan suke. Ina kyautata zaton cajar waya kika jona mata. Bakinsu ɗaya ne, USB-C, shi ya sa kusan kowa ke yin haka. Pi 4 tana son volt 5 da amfiya 3 tsayayyu, ba hawa ba sauka. Caja mai saurin caji, ko an rubuta wat 30 a jikinta, tana kaiwa wannan adadi ne ta hanyar ɗaga volt zuwa 9 ko fiye bayan ta daidaita da wayar. Pi 4 ba ta yin wannan ciniki, sai cajar ta tsaya a volt 5, wasu kuma amfiya 2 kawai suke iya bayarwa a nan. In aka haɗa da siririyar wayar caji mai tsawo, wani abu ya sake zubewa a hanya. Da zarar wutar ta sauka ƙasa da volt 4.63, kwamfutar ta fitar da gargaɗin da kike gani, ta kuma rage wa kanta gudu don kada ta mutu. Sarƙewar ke nan.

Ni ma na sha wannan wahala. Dare uku na yi ina zargin manhaja, sau biyu ina goge ta ina sake sakawa. A dare na uku na kashe fitilar ɗaki, sai idona ya kai kan 'yar jar fitilar da ke gefen jikin kwamfutar. Duk sanda faifan ya fara juyawa sai ta ƙifta ta ɗauke, faifan ya yi ƙas, ƙas, ya tsaya, ya sake yunƙurawa. Ita wannan jar fitila ya kamata ta tsaya cak muddin akwai wuta. Ki zauna kusa da taki ki kunna fim, ki zuba mata ido na minti biyu. In ta ƙifta, kin kama ɓarawon.

Maganin shi ne caja da aka ƙera don Pi 4, mai volt 5.1 da amfiya 3, wadda wayarta ke manne da ita. Sai kuma faifan. Ramukan USB huɗun nan gaba ɗayansu amfiya 1.2 suke rabawa, kuma faifai mai juyawa yakan ja kusan duka a lokacin tashi. Ki jona shi a ɗaya daga cikin ramuka biyu masu launin shuɗi, su ne masu sauri, ki cire duk abin da ba dole ba. In har yanzu yana ƙas-ƙas, ki nemi mahaɗar USB mai nata wutar daban, ki bi da shi ta nan.

Na biyu, tsarin da ƙanenki ya bari na aikin tebur ne, mai linzami da tagogi, kuma Mama ba ta da buƙatarsa. Shawarata LibreELEC. Ƙaramin tsari ne da ya ɓalle daga wani tsarin irinsa mai suna OpenELEC a 2016, ba abin da ke cikinsa sai abin da Kodi ke buƙata, kina kunnawa kin faɗa cikin Kodi kai tsaye. Akwai wani tsarin, OSMC, ga mai son ƙara wasu ayyuka a kan kwamfutar, amma ke kallo kike so. Ki samu sabon katin microSD, wanda tsarin zai zauna a kai, gigabayit 16 ya wadatar, ki ajiye na ƙanenki yadda yake. A wata kwamfutar ki sauke Raspberry Pi Imager, manhajar rubuta tsari a kan kati, ki zaɓi Pi 4, ki nemo LibreELEC a rukunin tsarukan kallon bidiyo, ki zaɓi katin, ki rubuta. Don Allah kafin wannan mataki ki tabbatar faifan nan mai terabayit 1 ba ya jone da kwamfutar da za ki yi rubutun da ita. Manhajar tana shafe duk abin da aka nuna mata, kuma kuskuren dannawa ɗaya ya isa ya tafi da bidiyon yaranki.

Ramukan hoto biyu ne, ƙanana, micro-HDMI. Ki yi amfani da wanda ke maƙwabtaka da ramin wuta, an rubuta HDMI0 a kusa da shi. Ki fara kunna talabijin kafin kwamfutar, don ta gane irin allon da take magana da shi.

Batun rimot zai faranta miki rai, domin da wuya ki sayi wani. Akwai tsarin da ake kira CEC, wanda ke bi ta cikin wayar HDMI ya kai saƙon rimot ɗin talabijin ga Kodi. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony na cewa Bravia Sync. Ki nemo shi a saitin talabijin ki kunna. Daga nan kibiyoyi huɗu da maɓallin tsakiya da na komawa baya sun ishi Mama, kuma rimot ne da hannunta ya riga ya saba da shi. Dama don irin wannan kallo aka gina Kodi. A kan na'urar wasan Xbox ta faro, ana kiranta XBMC har zuwa 2014, shi ya sa rubutunta manya ne, ana karanta su daga kan kujera. Ke kuma in kina so, manhajar Kore za ta mai da wayarki ta Android rimot.

Yanzu ga hotunan da suka rikice. Kodi ba ta kallon fim ta gane shi. Sunan fayil kawai take karantawa, ta kai shi rumbun bayanai na intanet irin su The Movie Database, ta ɗauko abin da ya fi kama da shi. In sunan tarkace ne na lambobi da haruffa, ko kuma “sabon fim 2”, sai ta yi canke, ta liƙa masa hoton wani. Gyaran aikin hannu ne, ba shi da gajeriyar hanya, kuma a kan babbar kwamfuta ya fi sauƙi. Ki buɗe folda uku a faifan: ta finafinai, ta shirye-shirye masu dogon zango, da ta iyali. Kowane fim ki ba shi cikakken sunansa, shekarar fitowarsa ta biyo baya a cikin baka. Shekarar nan ita ke raba finafinai biyu masu suna ɗaya. Shiri mai zango kuwa, folda guda da sunansa, kowane kashi da alama irin S01E02, wato zango na 1 kashi na 2. Sai kin gama wannan za ki nuna wa Kodi foldar, ki gaya mata abin da ke ciki.

Foldar iyali da ta laccoci kada ki bari ta nema musu bayani. In ta tambayi abin da ke ciki, ki zaɓi None, wato babu. Babu rumbun da ya san ranar da ɗanki ya fara tafiya, in kika bar ta ta nema, hoton baƙo za ta ɗora masa. Ni da shekara nake fara sunan irin waɗannan, sai wata, sai abin da ya faru, misali “2016-03 tafiyar farko”, sai su jeru da kansu bisa tsarin girman yaran. Ki saka wannan folda cikin abubuwan da aka fi so, don Mama ta same ta da dannawa biyu. Na tabbata ita za ta fi buɗewa.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai a wasiƙarki: kamar faifan nan ne kaɗai wurin da bidiyon yaran suke, ga shi kuma ya sha ɗaukewar wuta yana tsakiyar juyawa. Fim in ya ɓata a sake samo shi, wannan kuwa babu inda za a samo. Ki kwafe foldar iyali zuwa wani faifai tun yau, kafin ki taɓa komai cikin abin da na lissafa.

Sauran ƙanana ne. Ki saka wa kwamfutar gida mai matsar zafi ko 'yar fanka, domin in ta haura digiri 80 tana rage gudu. A riƙa kashe ta daga cikin Kodi kafin a zare wuta, zarewa kai tsaye na lalata kati. In kin ga hoto na ɗan tsalle idan kyamara na tafiya a hankali, ki kunna Adjust display refresh rate a saitin kunna bidiyo, don finafinai hoto 24 suke gudu a daƙiƙa, talabijin kuwa 50 ko 60.

TAMBAYA: Malam, an ce da Kodi ana kallon tashoshin biya da sababbin finafinai kyauta. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa, Kodi kyauta ce, amma fanko take zuwa, ba ta ɗauke da fim ko tasha ko ɗaya. Abin da aka ba ka labari ƙarin manhajoji ne da wasu ke rubutawa don jawo kayan sata, kuma masu Kodi sun daɗe suna nesanta kansu da su. A 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa sayar da akwatin da aka cika da irin waɗannan keta haƙƙin mallaka ne. Ban da batun haƙƙi, duk ƙarin da ka saka yana gudana ne a cikin na'urar da ke kan intanet ɗin gidanka, tare da wayoyinku, alhali ba ka san wanda ya rubuta shi ba. Ka tsaya ga rumbun ƙarin manhajoji da ke zuwa tare da Kodi, akwai rediyo da tashoshin da masu su suka buɗe wa kowa. In kuma Netflix ne a ranka, ba ta da manhajar hukuma a Kodi, gara ka kalle ta da manhajar da ke cikin talabijin ɗinka ko wata na'urar da kamfanin ya amince da ita.